Baba Datti da Wasiƙun da Ke Fita da Azahar

Duk wanda ya saba tsayawa a Kwanar Dangora da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri mai farin gemu, a kan wani baƙin babur da ya girmi wasu direbobin tashar, da jakar fata a rataye a kafaɗa. Yakan tsaya wurin mai shayi ya sha kofi ɗaya ba madara, ya zaro wani littafi mai baƙin bango ya duba shafi biyu ko uku, sannan ya tayar da babur. Litinin Bebeji, Talata Kiru, Laraba Tudun Wada, Alhamis Doguwa. Haka tsarin yake a rubuce, amma da wuya mako ya ƙare kiran waya bai rushe shi ba. Sunansa Malam Datti Mainasara, mu kuma ma'aikatan lafiya muna ce masa Baba Datti. Shi ne mai kula da kwamfutocin asibitocin karkara na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, kuma a ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar.

Ba likita ba ne, bai taɓa riƙe allura ba, kuma ba na jin akwai majinyaci ɗaya da zai iya nuna shi a cikin taro. Aikinsa shi ne ya ga kwamfuta ta tashi, ta kama intanet, wasiƙun imel sun fita kuma sun shigo. Idan komai na tafiya daidai ba wanda yake tunawa da shi. Idan abu ya tsaya, shi ne na farko da ake gunaguni a kansa kafin a kira shi a gaishe shi da ladabi. Na sani, domin ni ma na yi.

Sunana Nafisa Abdulmalik. Shekara tara ke nan ina shugabantar wani ƙaramin asibiti a bayan Doguwa, can gindin duwatsu, inda sai ka hau tudu kafin wayarka ta samu sabis. Duk wanda ya yi aiki da ni zai gaya maka ba ni da haƙuri, kuma ba zan musa ba. Wataƙila shi ya sa Allah ya haɗa ni aiki da mutumin da ban taɓa ganin mai nawa irinsa ba, sai daga baya na gane ba nawa ba ce.

Da gyaran tafireta Baba Datti ya fara. Da kwamfuta ta zo ta kori tafireta, abokan aikinsa suka ce idonsu ya tsufa, shi kuwa ya sayi tabarau ya zauna ya koya. Ɗabi'arsa da kowa ya sani ita ce ba ya taɓa goge na'ura sai ya kwashe abin da ke cikinta. Malama Sumayya ta wani asibiti a Bebeji ta ba ni labarin yadda aka turo shi ya sa wa kwamfutarsu sabuwar manhaja, aikin awa biyu, amma ya kwana biyu yana zuwa yana kwafe sunayen yaran da aka yi wa rigakafi da tsofaffin wasiƙu kafin ya danna komai. Da ta gaji ta tambaye shi dalili, sai ya ce mata yana ɗan shekara tara ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu, kuma har mahaifiyarsa ta rasu tana lissafa abubuwan da suka bari a ɗaki don sun ɗauka za a koma a kwaso. Daga nan ba ta sake yi masa gaggawa ba.

Mujitaba, mai kula da bayanai a wani asibiti a Tudun Wada, shi kuma dariya yake yi in ya tuna nasa. Wata uku kwamfutarsu na ƙin karɓar wasiƙa duk ranar da wuta ta ɗauke ta dawo, har ana shirin rubuta takarda a ce ta mutu. Baba Datti ya zo ya dubi kwanan watan da ke ƙasan allo, ya ga na'urar tana ganin ana shekara goma sha biyar baya, don haka gidan wasiƙun ya ƙi yarda da ita. Ya buɗe cikinta ya canza wani ɗan batir mai girman kwabo, ya gyara kwanan wata, ya wanke hannu ya tafi. Mujitaba ya ce ko ruwan da aka kawo masa bai shanye ba.

Nawa labarin ba na dariya ba ne, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Shekara shida da suka wuce, a ƙarshen kaka, muna da wata majinyaciya da ake ce wa Furera, matar wani makiyayi mai suna Abdulmumini, daga wata ruga da ke da nisan kilomita bakwai daga gare mu. Tarin fuka gare ta. Wata biyu tana shan maganin da muka ba ta ba fashi, amma sai ƙara ramewa take yi. Na ɗebi kakinta na aika ɗakin gwaji a Kano don a duba ko tarin nata irin wanda ba ya jin maganin da aka saba ne. Idan shi ne, to abin da nake ba ta kullum bai fi ruwa amfani ba, kuma dole a kai ta Kano a sauya mata magani kafin ya cinye ta, a kuma gwada duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Sakamakon irin wannan gwaji ta imel ɗin asibiti kaɗai yake zuwa. Ba a karanta shi ta waya, kuma ba a buɗe akwatin a wayar kowa, saboda sirrin majinyata.

Abdulmumini ya riga ya gaya mini cewa ranar Alhamis, nan da mako uku, za su tashi da shanu su yi kudu cin rani, kuma da matarsa zai tafi. Na roƙe shi ya jira sakamako. Ya ce zai jira har Alhamis ɗin, bayan nan ciyawa ba ta jiran takarda. Na san in suka shiga daji ba zan sake ganinta ba sai damina, in tana raye.

A tsakiyar wannan jira aka turo wasu mutanen kwangila su sa wa kwamfutocin asibitoci sabuwar manhaja, wato babbar da na'ura ke tashi da ita. Baba Datti yana zaman makokin yayansa a lokacin, don haka ba da shi aka zo ba. Suka yi aikinsu a kan kwamfutar ofishina cikin hanzari, ta tashi fes da sabon allo mai kyau, suka ɗauki hoto da ita suka wuce gaba. Daga wannan rana wasiƙa ko ɗaya ba ta sake shigo mini ba. A ƙasan allon kullum akwai 'yar alama mai nuna babu intanet. Na rubuta wa ɗakin gwajin wasiƙa ina tambaya, washegari na ga ta fita, sai na ce to ashe na'urar na aiki jefi-jefi, su ne ba su aiko ba. Na hau tudu na kira su, suka ce sun aiko tuni. Na ce ban gani ba. Suka ce sun sake aikowa. Na sauko ina faɗa ni kaɗai, ina cewa mutanen birni sun raina mu. Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka, ina zarginsu suna zargina, Furera kuma tana haɗiyar ƙwayoyin da ban san ko suna yi mata komai ba.

Ranar Talata na haƙura na kira Baba Datti, ko gaisuwar rasuwa ban yi masa yadda ya kamata ba. Laraba da hantsi sai ga shi, ya bar Tudun Wada ya zo. Ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi, ina tsaye ina taunar leɓe. Ya shiga ofis ya zauna gaban kwamfutar ya harɗe hannuwa, bai taɓa ta ba. Ya tambaye ni wa ke buɗe asibiti da safe. Na ce Malam Inuwa, mai ɗakin magani. Ya tambaya ko an taɓa kwamfutar Inuwa, na ce a'a, tasa ba ta cikin kwangilar. Sannan ya ce in buɗe jerin wasiƙun da suka fita, in karanta masa lokacin da kowace ta fita, lokacin kawai, kada in karanta masa ko suna.

Na karanta. Biyu saura ashirin. Biyu saura kwata. Biyu da minti biyar. Biyu saura minti goma. Duk wasiƙun da na rubuta da safe ne, amma ba wadda ta bar na'urar sai da rana ta take. Ya tambaye ni wa ke zama a ofis a wannan lokaci, na ce ba kowa, duk muna salla. Ya gyaɗa kai, ya ce to zai jira Azahar.

Ƙarfe sha ɗaya ne lokacin. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce masa, da muryar da har yau nake jin kunyarta, akwai matar da gobe za a tafi da ita daji ta mutu, shi kuma yana maganar zama. Bai ɗaga murya ba.

"Malama Nafisa, in na fara taɓe-taɓe yanzu zan iya lalata abin da ke nuna mini hanya. Ki ba ni awa biyu da rabi. In ban gano ba, ki faɗi duk abin da kika ga dama, na cancanta."

Na fita na bar shi. Na duba mata masu awon ciki, hankalina ba ya kansu. Duk lokacin da na wuce ƙofar ofis sai in gan shi zaune yana kallon bango, inda na lilliƙa takardun asibiti masu muhimmanci.

Da aka kira salla, sai ya tashi ya tsaya a ɗan lungun da ke tsakanin ofishina da ɗakin magani, inda zai iya ganin ɗakunan biyu. Malam Inuwa mutum ne mai tattali. Kullum kafin ya tafi masallaci sai ya kashe kwamfutarsa don kada ta ci batirin sola a banza. Ya kashe, ya ɗauki buta ya fita. Ba a yi minti biyu ba, alamar da ke ƙasan allona ta washe, intanet ya shigo. Baba Datti ya ce alhamdulillahi a hankali, ya je ya yi alwala ya bi jam'i.

Da ya dawo ya hana Inuwa kunna tasa, ya kira mu mu biyu ya yi mana bayani. Kowace kwamfuta a asibitin tana da lambarta, wadda akwatin intanet ke gane ta da ita. Mutanen kwangila sun ba tawa lamba ɗaya da ta Inuwa. Ya ce kamar gida biyu ne masu lamba ɗaya a layi ɗaya, ɗan aike zai miƙa saƙo ga wanda ya riga amsa sallama. Inuwa ke riga kowa zuwa, tasa ke riga tashi, sai ta riƙe lambar. Tawa ba ta samun hanya sai ya tafi salla, lokacin da ni ma ba na nan balle in gani.

Na tambaya daga ina suka samo lambar Inuwa. Sai ya miƙa hannu ya nuna wata tsohuwar takarda a bangon ofishina, mai layi huɗu na lambobi da rubutun hannunsa. Nan take na gane ta. Shekara biyu kafin nan, da za a yi mana fenti saboda zuwan manyan baƙi, mun ciccire takardun da ke bangon kowane ɗaki. Da fenti ya bushe, na ga wannan takarda ta yi kama da abu mai muhimmanci, a wurinmu kuwa duk takarda mai muhimmanci ofishin shugaba take zama. Ni da hannuna na ɗauko ta daga kayan ɗakin magani na liƙa ta daidai saman kwamfutata. Mutanen kwangila suka zo suka ga lambobi a saman na'ura, suka kwafa.

Na buɗe baki zan ce laifina ne, ya riga ni.

"Ni na rubuta ta, ban rubuta ta wace na'ura ba ce. Na ɗauka bango ba ya tafiya. Wannan nawa ne."

Ya buɗe baƙin littafinsa, inda kowane asibiti ke da shafinsa, ya nemo ainihin lambar kwamfutata ya sa mata. Ya ce Inuwa ya kunna tasa. Duka biyu suka zauna lafiya. Na matsa kusa ina jiran wasiƙu su zubo, ba abin da ya zo. Na ce ashe da gaske ba su aiko ba. Ya ce in dakata, ai da lambar ce kaɗai matsala, da wasiƙun sun riƙa shigowa da Azahar kamar yadda nawa ke fita. Akwai ciwo na biyu.

Ya shiga saitin manhajar wasiƙun ya nuna mini gurabe biyu. Ɗaya na sunan ƙofar da wasiƙa ke fita ne, ɗayan na ƙofar da take shigowa, kuma kowace da sunanta da lambarta. Wanda ya yi aikin ya rubuta sunan ƙofar fita a duka biyun. Kwana goma sha ɗaya na'urar tana zuwa neman saƙo a inda ba a ajiye saƙo, kuma da yake ba wanda ya aika wa kansa wasiƙar gwaji kafin su tafi, ba wanda ya lura. Ya goge, ya kwafo daidai daga littafinsa harafi bayan harafi, yana bin kowanne da yatsa. Na'urar ta nemi kalmar sirri. Ya tashi daga kujerar ya ce in zauna in sa, shi kuma ya juya ya fuskanci bango.

Yana tsaye a haka wasiƙun suka fara shigowa. Arba'in da uku. Bai waiwayo ba, ya tambaya kawai ko sun iso, na ce sun iso. Na nemo ta ɗakin gwaji, na ga sau uku suka aiko ta, ta farkon kwananta tara a ajiye. Na buɗe na karanta. Abin da nake tsoro ne.

Ban gaya masa abin da ke ciki ba, bai kuma tambaya ba. Na ce masa kawai dole in je ruga yanzu, ga shi ba mu da mota, wayar Abdulmumini kuma ba ta shiga. Ya ɗauki jakarsa ya ce in ɗauko mayafina in hau.

Mun isa rugar bayan La'asar kaɗan, muka tarar ba kowa. Toka ta huce a murhu, turakun maruƙa a tuge, bukkoki a buɗe. Wata tsohuwa da ke kalar wake a gonar gefe ta ce tun bayan Asuba suka tashi, ai sun ji an ce wasu garkunan za su riga su mashaya, sai suka rage kwana ɗaya. Na zauna a kan wani kututture na rufe fuska. A raina na riga na fara lissafin awa biyu da rabin da ya sa na jira, ina neman wanda zan ɗora wa, alhali ko da ya gyara da hantsi sun riga sun tafi.

Baba Datti ya tambayi tsohuwar ko akwai ƙananan maruƙa a garken, ta ce da yawa. Ya tambaya a kan me aka ɗora marar lafiyar, ta ce jaki. Ya ce mini garke mai maruƙa da majinyaci ba ya nisa a wuni ɗaya, kuma burtalin da suka bi dole ya ratsa wani rafi da shi ya sani, domin ta can yake yanke hanya in zai je wani asibiti da damina ta cinye hanyarsa. Ya ce in suna da hankali a nan za su kwana. Muka hau. Ban taɓa sanin tsohon babur ɗin nan zai iya abin da ya yi a ranar ba, cikin duwatsu da kwazazzabai, dattijo mai zaman makoki yana tuƙi, ni ina riƙe da takarda a cikin jaka.

Rana ta yi ja lokacin da muka hango shanu a bakin ruwa. Ya tsayar da babur can nesa a gindin wata ɗorawa ya kashe. Na ce mu ƙarasa mana. Ya ce a'a, maganar da zan yi ta majinyaci ce, kunnensa ba shi da hurumi a ciki, zai jira ni a nan.

Abdulmumini bai yi murnar ganina ba. Ya ce wata biyu matarsa na shan maganinmu, ga ta nan sai ƙashi, yanzu kuma na biyo su da wata takarda. Na ga in na yi masa kwana-kwana zan rasa ta, sai na faɗa masa gaskiya duka: cewa maganin ba na ciwonta ba ne, cewa amsar ta zo kwana tara da suka wuce ta zauna a inda ba mu iya ɗaukowa ba, kuma kuskuren daga ofishina ya fito. Furera na kwance a kan tabarma a jikin kayan, na ɗauka ba ta jin mu. Sai ta ɗago ta yi wa mijinta magana da Fulatanci, gajeriya, sannan ta juyo ta ce mini da Hausa wanda ya biyo mutum har nan don ya ce ya yi kuskure, ba ƙarya ya zo yi ba. Aka tsaya a kan za su kwana biyu a bakin rafin, mota ta zo ta ɗauke ta zuwa Kano, a kuma gwada sauran mutanen gidan.

Na dawo gindin ɗorawa na same shi ya idar da sallar Magariba yana naɗe ɗan buzunsa. Ya dubi fuskata sau ɗaya ya tayar da babur. Muka iso asibiti ana kiran Isha'i. Washegari da safe ya dawo da alƙalamin da ba ya gogewa, ya rubuta lambar kowace kwamfuta a jikinta, ya cire takardar bango ya ninke ya sa a littafinsa. A makonni uku da suka biyo baya ya zaga duk asibitocin da mutanen kwangilar suka taɓa, ba wanda ya aike shi, ya tarar da guda biyar da wasiƙa ba ta shigar musu su ma ba su sani ba. A kowanne ya bar doka ɗaya da ya rubuta da Hausa ya liƙa a jikin na'urar, ba a bango ba: duk wanda ya taɓa wannan kwamfuta, kada ya tashi sai ya aika wa kansa wasiƙa ya ga ta dawo.

Baba Datti, kai ne ka koya mini cewa wanda ya zauna yana kallo ba lallai ne ya zama ba ya aiki ba. Kai ne ka karɓi laifin da rabinsa nawa ne, a gaban ma'aikacina, don kada in ji kunya. Kai ne mutumin da sirrin dubban majinyata ya bi ta hannunsa shekara da shekaru, bai taɓa ɗaga ido ya karanta layi ɗaya ba. Datti na Mainasara, mai baƙin littafi, mai juya wa allo baya. Na yi maka tsawa ranar da kake cikin makoki, ban taɓa ba ka haƙuri yadda ya dace ba. Ina ba ka yanzu a gaban duk wanda zai karanta wannan, ka yafe mini.

A madadin asibitocin da ke Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutun nan ya zama mai albarka, ya jiƙan mahaifanka da yayanka. Ku kuma da za ku gaji wannan aiki, na san kun fi shi saurin hannu, wasunku sun fi shi takardu. Ku ɗauki abin da ba a koyarwa a aji. Ku tambaya kafin ku taɓa, ku kwashe kafin ku goge, kuma kada ku ɗauki hoto da na'ura ku tafi don kawai allonta ya yi kyau. A bayan kowace wasiƙa da ta maƙale akwai wanda ke kwance yana jira, ko da ba za ku taɓa ganin fuskarsa ba.

Saura abu ɗaya. A walimar da aka yi maka a Kiru, bayan mutane sun watse, na tambaye ka me ya sa shekara shida ba ka taɓa tambayata abin da ya faru da matar nan ba. Ka daɗe kana juya hularka a hannu kafin ka amsa.

"Wasiƙar ba tawa ba ce, 'yata. Amma kwana goma sha ɗayan nan suna raina. Duk ranar da na bi ta rafin nan nakan tsaya in yi mata addu'a. Ban san ko ta neman lafiya zan yi ba ko ta neman rahama, sai in yi duka biyun."

Na so in gaya maka a take, amma kai ka koya mini cewa ba a buɗe wasiƙar wani sai da izininsa. Don haka na yi shiru, ka tafi gida da nauyinka, ni ma na tafi da nawa. Ranar kasuwar Doguwa da ta biyo baya na je layin masu nono na nemi izini. Na ba da labarinka tun daga takardar bango har gindin ɗorawa. Wadda na je nema ta ajiye ludayi ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta tuna a ranar ta hango wani mutum can nesa yana salla a gefen babur, ta ɗauka ɗan acaɓa ne. Sannan ta ce in rubuta da sunanta, in rubuta duka, wasiƙar tata ce kuma ta yarda ka karanta.

To ga ta, Baba. An kai Furera Kano kwana biyu bayan zuwanmu. Ta sha sabon magani wata goma sha takwas, ta sha wuya ƙwarai, har kunnenta ɗaya ya yi nauyi. An gwada mutanen gidan, aka samu 'yarta ta fari ta kamu, aka tare shi da wuri. Yau Furera ta yi ƙiba har tana tsokanata cewa ni ce ke bukatar magani, kuma ranar da na same ta tana goye da jikarta, 'yar wannan 'yar tata. Ta ba ni ƙwaryar man shanu ta ce in kai maka, tana nan a ɗakina tana jiran Alhamis, in tsohon babur ɗin zai yarda ya sake hawo duwatsunmu.

Tana raye, Baba Datti. In ka sake bi ta rafin nan, addu'a ɗaya ta ishe ka.